Mosfet Sittin Da Na Ƙi Fasa Ɗaya

Har yau ban manta da ranar Talatar da Malam Ɗan'ige ya tsaya da babur a ƙofar shagonmu ba, da akwatunan famfo biyu ɗaure a bayansa suna warin ƙuna. In ban yi kuskure ba tsakiyar watan Nuwamba ne, wata na bakwai ke nan da fara aikina a Illela. Ina ba da labarin ne saboda ku da kuka zo bayana, musamman masu shigowa da takardar digiri a hannu irina, don ku san yadda mutum zai iya yin lissafi daidai kuma ya jawo ɓarna.

Bari in fara da yadda shagon yake a lokacin. Alhaji Maidamma ne mai shi, yana sayar da fanel da batir da inbata, kuma yana karɓar gyara. Ƙarƙashinsa akwai Baba Sidi, shugaban masu gyara, wanda ya fara da rediyo tun kafin a haife ni. Ni kuwa na karanta aikin lantarki a jami'a, na gama hidimar ƙasa, Alhaji ya ɗauke ni don in riƙa fitar da farashi: nawa za mu sayi kayan gyara, nawa za mu ce wa mai kaya. Kafin zuwana da ka ake yin wannan. Na zo da kwamfuta da jadawali, da tsoron kuskure wanda ya fi kwamfutar nauyi. Ban cika sati biyu ba masu gyara suka sa mini suna Malam Wataƙila, domin ko lokaci aka tambaye ni sai na ce agogona yana iya yin gaba kaɗan.

Ga wanda bai san sana'ar ba, mosfet wani ɗan baƙin abu ne mai ƙafa uku, bai kai rabin akwatin ashana ba. Shi ne makunnin da ke buɗe wuta ya rufe sau dubbai cikin ƙiftawar ido, a cikin inbata da akwatin da ke sarrafa famfon sola. Idan akwati ya ƙone, galibi shi ne ya tafi. Abin da ke aikin a cikinsa ɗan falle ne na silikon, an manna shi a kan jan ƙarfe aka rufe da baƙar roba. Gwargwadon faɗin fallen, gwargwadon wutar da zai ɗauka ba tare da ya gasu ba, kuma gwargwadon tsadarsa. Saboda haka jadawalina ya fara da silikon, sannan jan ƙarfe da roba da gwajin masana'anta, sannan ribar mai ƙerawa da ta dillali, kuɗin jirgi da na mota, kwastan, da canjin kuɗi na ranar. In ka tara waɗannan za ka sami wani farashi na ƙasa, wanda kaya na gaskiya ba zai iya sauka ƙasa da shi ba sai in mai sayarwa sadaka yake yi. Na yi alfahari da wannan layin ƙwarai. Na ma sa masa jan launi.

A farkon watan ƙungiyar masu noman albasa ta Gidan Katta ta kawo mana akwatuna goma, duk sun lalace tun wata tsawa ta ƙarshen damina. Malam Ɗan'ige ne shugabansu. Ya ce irinsu ya kai dashe, suna so a gama kafin Asabar ta sama, domin albasar da aka dasa ba ta jure ƙishirwa a satinta na farko. Kowane akwati yana cin mosfet shida, kuma ba a canza ɗaya a bar biyar, duka ake canzawa. Goma sau shida, sittin.

Na nemi farashi wuri biyu. Wani dillali a Sakkwato da muka saba da shi ya faɗi nasa, yana sama da jan layina kaɗan, kamar yadda ya kamata. Sai kuma wani Isuhu, mutumin Ƙonni ta Nijar da ke kawo kayan lantarki kasuwar Lahadi, ya ce yana da sittin cif, lamba ɗaya, tambari ɗaya. Da na juya sefarsa zuwa naira sai na ga bai kai rabin jan layin ba.

Yanzu da nake faɗa, kowa ya ga abin da wannan ke nufi. Ni ma na gani a lokacin. Amma sai na zauna ina tunanin hanyoyin da zan iya zama mai kuskure. Wataƙila ragowar kayan wani kamfani ne da ya rufe. Wataƙila ta hanyar Nijar kuɗin shigowa ya fi sauƙi. Wataƙila ni ne na ƙiyasta silikon da tsada. Kuma wane ne ni, ɗan wata bakwai, da zan kira kayan mutum jabu ban gani ba? Na yi kwana biyu ina rubuta rahoto, ya kai shafi goma sha ɗaya. Shakkata na sa ta a shafi na tara, a ƙasa, bayan bayanin canjin sefa.

Na kai wa Alhaji ranar Asabar yana shirin fita. Ya auna takardun a tafin hannunsa kamar mai sayen nama.

"Injiniya, wanga duka na mosfet na? Ni ba ni da lokacin karatu. Mi kag gani? A saya ko a bari?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta fuskar farashi na Ƙonni ya fi sauƙi sosai, za a iya saya, sai dai akwai wasu abubuwa da ya kamata a yi la'akari da su, waɗanda na kawo a ciki."

"Tau, madalla. Za a iya saya. Gobe ka tahi ka amso. Manoma na, a rage musu."

Ya shiga mota. Na tsaya da sauran jimlar a bakina. Na gaya wa kaina ai na rubuta, kuma abin da aka rubuta ba ya ɓata.

A nan sai na bayyana wata al'ada ta masu gyara, wadda a ranar na san da ita amma na raina ta. Idan za ka sayi mosfet da yawa a hannun wanda ba ka saba da shi ba, sai ka zari ɗaya daga tsakiya, ka sa filaya ka fasa shi a gaban mai kaya, ku duba fallen tare. In ya cika, kai ka biya wanda ka fasa, ka kwashi sauran. In bai cika ba, asarar tasa ce, kowa ya kama gabansa ba faɗa. In kuwa aka miƙa maka filaya ka ƙi, to ka saya da idonka, babu dawowa.

Ranar Lahadi Baba Sidi ya tafi Garu ɗora fanel a wani masallaci, don haka ni kaɗai na je, da mita a jaka. Na sami Isuhu a rumfarsa tsakanin mai tocila da mai wayar caji. Mutum ne mai fara'a. Ya zazzage kayan a kan tire, na zauna a kan benci na fara gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mita tana nuna ko abu yana buɗewa yana rufewa, kuma duka sittin sun buɗe sun rufe. Abin da mita ba ta nunawa shi ne ko zai yi hakan da tsakar rana, famfo yana jan ruwa daga rijiya. Wannan ma na sani, an koya mana a aji uku. Na kwashe fiye da awa ɗaya, ina rubuta sakamakon kowanne a takarda, har mai tocila ya tambayi Isuhu ko daga gwamnati aka aiko ni.

Da na gama, Isuhu ya ɗauko filaya ya miƙo mini.

"Injiniya, ba ka hwasa guda?"

Na dubi filayar. Sittin nake bukata, sittin gare shi. In na fasa ɗaya saura hamsin da tara, akwati ɗaya zai rasa cikon shidansa. Ban da haka a jadawalina akwai gurbin asara, na riga na rubuta sifili a ciki. Sannan ga mutum ya ba ni benci, ya saya mini ruwan sanyi, in fasa masa kaya a gaban maƙwabtansa kamar ina zarginsa?

Na ce, "A'a, ba sai an kai ga haka ba. Na yarda da kai."

Ya kalle ni. "Ni kaina sari niy yi, ban ga cikinsu ba. Ka hwasa dai."

"Babu komai, mita ta nuna."

Ya ɗaga kafaɗa, ya juya ga mai tocila ya ce, "Kai shaida na, na miƙa mai." Na ɗauka wasa ne, har na yi dariya.

Washegari Baba Sidi ya zazzage kayan a tebur, ya ɗauki ɗaya ya juya shi a haske, ya shafa rubutun da babban yatsa.

"Ɗana, an diba cikinsu?"

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace sauƙi a duk labarin, amsarta a'a ce. Amma na ji kunyar in ce a'a a gaban masu gyara, kuma ba na iya yin ƙarya kai tsaye. Sai na bi ta tsakiya, hanyar da na fi ƙwarewa a kai.

Na ce, "Baba, an bincika su ɗaya bayan ɗaya, ga ma takardar sakamakon."

Ya dubi takardar mai layi sittin, ya ce, "Kai, 'yan boko ba ku da wasa." Ya kunna ƙarfen dalma. Kwana huɗu suka yi suna aiki. A shago mun gwada kowane akwati da famfo a cikin duro, ruwa ya zubo, domin ɗaga ruwa daga duro ba wani nauyi ba ne. Ranar Juma'a aka kai su Gidan Katta, Asabar da Lahadi aka yi dashe. Ni kuma na buɗe sabon shafi a kwamfuta na rubuta yawan abin da na rage wa manoma. Na yi tunanin ko in nuna wa Alhaji, sai na ga kamar yabon kai ne, na bari sai ya tambaya.

Ranar Litinin da azahar uku suka ƙone. Ranar Talata kafin la'asar huɗu suka bi su. Shi ne Malam Ɗan'ige ya iso da biyu a babur, ya ce sauran suna tafe. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da na fi jin sauƙi. Ya gaishe da Alhaji, ya gaishe da Baba Sidi, ya gaishe ni har da tambayar gajiya, sannan ya ce, "Alhaji, dashe na ƙasa, rana na bisa. Mi za mu yi?"

Baba Sidi ya buɗe akwati, ya cire ɗaya daga cikin waɗanda ba su fashe ba, ya sa a filaya ya matsa. Ya ɗauko wani tsoho na asali daga gwangwaninsa, shi ma ya fasa, ya jera su a tafin hannunsa. Fallen tsohon ya kai ƙwayar wake. Na sabon kuwa sai da na matso da fuskata, bai wuce ƙwayar riɗi ba. Ƙaramin mosfet ne na cajar waya ko makamancinta, aka sa masa babbar riga aka buga masa lambar manya.

Baba Sidi bai dubi Alhaji ba, ni ya duba. "Ka ce an diba."

Na ce, "Na ce an bincika, Baba." Da na ji yadda maganar ta fito a bakina sai na so ƙasa ta tsage. Don in gyara, sai na ƙara ɓatawa: "Kuma na yi gargaɗi a rahoto. Yana shafi na tara."

Alhaji ya jawo aljihun tebur, ya fito da rahoton, ko lanƙwasa babu a jikinsa. Ya miƙo mini. "Karanta muna. Da ƙarhi, Malam Ɗan'ige shi ji."

Na buɗe shafi na tara na karanta, ina fassarawa: "Ya kamata a lura cewa farashin da aka bayar yana ƙasa da ƙiyasin da aka yi, wanda hakan ka iya nuna, ko da yake ba lallai ba ne, yiwuwar samun bambanci tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke ciki, duk da cewa akwai wasu dalilai da ka iya jawo hakan, kuma ƙiyasin kansa bai kuɓuta daga kuskure ba."

Ɗaya daga cikin masu gyara ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Alhaji ya ce, "Da Hausar mutane, mi wanga ka nuhi?"

Na ce, "Jabu ne."

"Tun yaushe kas sani?"

"Tun kafin in saya nake zato. Kusan na tabbata."

"Kalma biyu, Injiniya. Jabu na. Kalma biyu kab biɗa ka rasa, kar rubuta shafi goma sha ɗaya?" Ya numfasa. "Isuhu ya miƙa maka filaya?"

"Ya miƙa. Sau biyu."

"Tau babu magana da Isuhu. Sidi, mi muka da shi?"

Abin da ya biyo baya shi ne aikin da ya fi kowane koya mini sana'ar. Baba Sidi ya sa aka fito da matattun inbata da ke jibge a bayan shago, aka bi su ana cire na asali masu sauran rai. Aka sami goma sha takwas masu lamba ɗaya, suka tayar da akwati uku a ranar. Saura huɗu a mace, da uku da ke aiki da jabu a cikinsu, waɗanda aka aika a ce a riƙa kashe su kafin rana ta take. Laraba da sassafe na hau motar Sakkwato. Dillalin ya ga gaggawa a fuskata ya ɗora farashi. A karo na farko na buɗe baki na ce, "Wannan ya wuce, ga abin da zan biya," ba tare da wataƙila ko ɗaya ba, kuma ga mamakina ya sauko. Na ce ya ba ni arba'in da uku, na zari ɗaya na nemi filaya. Na matsa ba daidai ba, gutsuren ya yi tsalle ya faɗa cikin shayin wani mutum da ke zaune yana jira. Sai da muka tsamo shi da cokali. Fallen ya cika.

Ranar Alhamis aka gama huɗun da suka mutu, aka fara kan ukun. Malam Ɗan'ige ne ke raba su, kuma duk wanda aka gama sai ya ce a kai wa wane, nasa dashen ya fi yawa, a kai wa wane, ba shi da masu taya shi ɗibar ruwa. Nasa akwatin yana cikin ukun da suka fara ƙonewa tun Litinin, amma shi ya karɓa a ƙarshe, ranar Juma'a da safe. Alhaji ya ce ni zan kai masa da hannuna.

Gonarsa tana gefen tudu, inda ƙasa ke da yashi. Iyalinsa sun yi kwana huɗu suna jan ruwa da guga, sun ceci fangulan da ke kusa da rijiya. Na nesa kuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku a ganina, sun kwanta sun yi fari kamar zaren tsumma. Irin dashe ya riga ya ƙare a garin, ba a sake dasa su ba a wannan shekarar. Na haɗa akwatin, ruwa ya taso, muka tsaya muna kallonsa yana bin kwari har ya isa fangulan da ba su da sauran bukatarsa.

Na shirya jawabin ban haƙuri tun a hanya, mai sassa uku. Da na fara sai ya ɗaga hannu.

"Malam, ni ban yi boko ba, amma in tambaye ka. Ran da kag ga kuɗɗin sun yi araha da yawa, gabanka ya hwaɗi?"

Na ce, "Ya faɗi."

"Tau ni ma da Alhaji yaf faɗa min kuɗɗin gyara, gabana ya hwaɗi. Nic ce wanga arha ta yi yawa. Amma nic ce masu ilimi sun diba, ni wa ne ne. Ka ga mu biyu munka yi shiru." Ya sunkuya ya gyara bakin kwari da fartanya. "Sai dai ni shiruna gonata yac ci. Kai naka ma gonata yac ci."

Bai faɗa da fushi ba, kuma bai ƙara komai a kai ba. Ya sa aka kawo mini fura, na sha, ban san ta inda ta bi ba.

Alhaji bai kore ni ba, ko da yake na kwana uku ina jiran hakan, har na fara duba kuɗin mota zuwa gida. Shagon ne ya ɗauki nauyin gyaran na biyu. Jadawalin ma ba a jefar da shi ba, da shi muke aiki har yanzu, kuma Baba Sidi da kansa yakan leƙo ya tambaya ina jan layin wata lamba ya tsaya kafin ya yi ciniki. Lissafin bai yi kuskure ba ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi damuna, domin ban sami inda zan ɓuya ba.

Ga abin da na koya, gwargwadon fahimtata. A wannan sana'a farashi labari yake ba ka game da abin da ke cikin baƙar robar, kuma in ya sauka ƙasa da abin da silikon zai ci, to silikon ɗin ne babu. Masu gyara sun san haka tun kafin mu zo da kwamfuta, shi ya sa suke yarda su yi asarar ɗaya a gaban mai kaya, kuma mai kaya na kirki ba ya jin haushi, shi ke miƙo filayar. Na kuma gane cewa duk wataƙilar da na jera a shafin nan ba don Alhaji na jera ta ba, ba kuma don manoma ba. Don kaina na jera, saboda duk yadda abin ya kasance in ce ai na faɗa. Mutanen da ke jiran amsarku ba za su karanta shafi na tara ba, suna da dashe a ƙasa. In kun ga jabu ne, ku ce jabu ne tun mai gida bai shiga mota ba. In daga baya ya zama kun yi kuskure, za a yi muku dariya kwana biyu, kuma na ɗanɗana duka biyun, dariyar ta fi sauƙin haɗiya a kan furar Malam Ɗan'ige.